Gawon Ibrahim El-Salahi

Jiya na saka hoton wani zane a nan, sai wani ɗan'uwa ya rubuta a ƙasa cewa wannan ai layuka ne kawai, ko ɗan firamare zai ja su. Maganar ta tsaya mini a rai har dare, don zanen bishiyar gawo ne, kuma wanda ya zana shi ya shafe sama da shekara sittin yana wannan aiki.

Sunansa Ibrahim El-Salahi, ɗan Sudan, an haife shi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin addini ne, don haka da allo da tawada ya buɗe ido. A 1954 ya tafi Landan, makarantar zane ta Slade, ya koyi yadda Turawa ke zana mutum da fili kamar a taɓa. Da ya dawo Khartum ya baje kolin ayyukansa, sai ya ga mutanensa ba su ga kansu a ciki ba. Bai ce jahilai ne ba. Ya shiga lura da abin da suke ratayewa a bangon ɗakunansu, ya tarar rubutun Larabci ne da adon gargajiya. Daga nan ya koma wa harafi, yana lanƙwasa shi, yana buɗe shi, har fuska ko tsuntsu ko jinjirin wata su fito daga cikinsa.

A 1975, zamanin shugaban Sudan Nimeiri, aka kulle shi a gidan yarin Kober kusan wata shida ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. An hana su takarda. Sai ya riƙa yagar takardar buhun siminti yana ƙananan zane, in ya ji motsin gandiroba ya binne a yashi. Wannan matsi ya zame masa hanyar aiki: ya fara da ɗigo ɗaya kamar ƙwayar iri, ya bar zanen ya tsiro, ya yi rassa, ba tare da ya yanke tun farko inda zai tsaya ba. Kuma yakan yi alwala ya yi salla kafin ya zauna aiki.

To, gawon fa? Su a Sudan haraz suke ce masa, har suna cewa faɗa yake da ruwan sama. Mu ba sai an yi mana bayani ba. Akwai wani gawo a tsakiyar gonar kakana. Da damina, lokacin da kuka da tsamiya da darbejiya suka yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, fari fat, ka rantse ya mutu. Geron da ke gindinsa kuwa ya fi na ko'ina tsawo da kauri, don bai tare masa rana ba, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. In rani ya tsananta, ƙasa ta tsattsage, sannan zai fito da ganye, awaki su taru a inuwarsa suna tsintar 'ya'yansa masu lanƙwasa. Kakana bai taɓa yarda a sa masa gatari ba. Manoman yankin Damagaram ma haka suke barin 'ya'yan gawo su girma a cikin gonaki, sun san amfaninsa.

Yanzu ku gaya mini, ta yaya za a zana wannan hali? In ka zana gawo da ganye, ka nuna rabin shekararsa. In ka zana shi ba ganye, mai kallo ya ɗauka busasshen itace ne. Kyamara ma iyakarta ke nan. Abin da Salahi ya gani a gawo shi ne tsayuwa shi kaɗai, da ƙin bin yayi, da ba da inuwa a lokacin da kowa ya gaza. Shi ya sa a jerin zanen da ya yi bayan ya koma birnin Oxford na Ingila da zama, ya yi ta rage bishiyar, yana cire ɓawo da ƙaya da ganye, har wasu suka koma layi miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama, wasu layukan na gitta shi da tawada kala-kala. Ni in na kalle su, wani lokaci bishiya nake gani, wani lokaci mutum a tsaye yana salla.

Abin da ya fi damuna shi ne a ce irin wannan zane baƙo ne a wurinmu. Mu da muke sa babbar riga mai aska takwas, muke zana dagi a ƙofar gida, magina a Zariya da Kano suka cika bango da ado, almajiri ya sauke a yi masa zayyana a allo. Wa ya taɓa tsayar da mai ɗinkin hula ya ce wannan ɗinkin hoton mene ne? Idonmu ya saba da siffar da ba ta kwaikwayi komai ba tun muna goye.

A 2013 gidan adana zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa, karo na farko da suka yi wa ɗan Afirka haka. Da tsufa ya zo masa da ciwon baya, ya koma zane a kan kwalayen maganin da yake sha, yana zaune a kujera. Ɗan'uwana mai sharhi, na sake saka hoton a ƙasa. Ka ba shi minti biyar, ka tuno gawon garinku a watan Agusta.