Waƙar Dakan da Ta Buɗe Bakin Goggo

Bara da damina hawan jini ya kayar da Goggona a gidanmu na Jekadafari, nan cikin Gombe. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Matar da ba a raba ta da hira, sai ga shi ko "ruwa" ba ta iya cewa, sai dai ta kafa wa randa ido.

Wata rana bayan la'asar ƙanwata na surfen gero a tsakar gida, tana rera waƙar daka irin wadda Goggon ta koya mana muna yara. Sai muka ji amshi daga kan tabarma. Wallahi baiti guda cur ta kawo, hannunta na hagu yana bugun cinya daidai da saukar taɓarya. Ƙanwata ta saki taɓaryar ta fashe da kuka.

Da na ba likita labari, ko mamaki bai yi ba. Ya ce a yawancin mutane cibiyar magana a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa take, shi ne kuma mai juya ɓarin dama na jiki, shi ya sa ciwon yakan haɗa su ya tafi da su tare. Waƙa kuwa ɓangarorin biyu take bi, saboda haka takan tsira. Ashe tun 1973 likitoci a Boston ta Amurka suka fara koya wa irin waɗannan majinyata magana ta hanyar rerawa.

Mu kuwa fa? Mun mayar da waƙar daka da ta reno da tatsuniya kayan ƙauyanci. Injin niƙa ya karɓe turmi, waya ta karɓe hirar dare. In mun je dubiya, "sannu, ya jiki" ne, a ajiye lemo da ayaba, a yi jugum kamar zaman makoki. Wannan shirun yana ƙara wa majinyaci ciwo, na gani da idona.

Kada wani ya ce na hana zuwa asibiti. Goggo ba ta fashin maganin hawan jini, ranar gashi kuma ni ke kai ta da kaina. Abin da muka ƙara kawai, kullum bayan magariba jikoki su kewaye ta, su ja baiti ta amsa.

Har yanzu maganar ba ta dawo duka ba. Amma shekaranjiya ta kira sunana, sai da ta ja shi kamar mai rera waƙa kafin ya fito. Na ce, "Na'am, Goggo."