Salsalar gidan Butler ba ta cika ba sai da sunayen bayinsa

A ranakun 2 da 3 ga Maris, 1859, aka yi gwanjon mutane a filin sukuwa na Ten Broeck da ke gefen birnin Savannah, a jihar Jojiya ta Amurka. Takardar tallan ta lissafa mutum 436, maza da mata da jarirai, dukansu mallakar Pierce Mease Butler. An tara dala 303,850. Kafin ranar, an tsare su kwanaki a bargar dawaki, masu saye na buɗe musu baki suna duba haƙora, suna lallatsa damatsa. Ruwan sama bai ɗauke ba duk kwana biyun, kuma har yau ana kiran abin da ya faru Lokacin Kuka.

Bin salsalar Butler ba shi da wuya. Kakansa, Manjo Pierce Butler, yana cikin waɗanda suka sa hannu a kundin tsarin mulkin Amurka a 1787, kuma shi ya kawo shawarar a riƙa mayar da bawan da ya gudu ga ubangidansa. Ya bar gandun shinkafa a bakin kogin Altamaha da na auduga a tsibirin St. Simons. Jikan ya ɗauki sunan Butler ne don ya ci gadon. A 1834 ya auri Fanny Kemble, 'yar wasan kwaikwayo daga Ingila. Ta zauna a gandayen daga ƙarshen 1838 zuwa 1839, abin da ta gani ya tayar mata da hankali, aure ya mutu a 1849, sannan ta buga littafin abin da ta gani a 1863. 'Ya'yansu mata biyu suka rabu: Sarah ta bi ra'ayin uwa na ƙin bauta, Frances ta bi na uba, har ta koma tare da shi gudanar da gandun bayan yaƙin basasar Amurka. Bashin caca da asarar hannun jari da Pierce ya yi, kusan dala 700,000, shi ya kai ga gwanjon.

Duk wannan a rubuce yake, har da wasiƙu da hotuna. A ganina, tarihin iyali irin wannan da ya tsaya kan farar fata kaɗai rabin labari ne, domin mutanen da aka sayar sun yi zamani bayan zamani a gandayen nan, guminsu ne ya ciyar da gidan Butler da ke zaune a birnin Filadelfiya, can arewacin ƙasar.

Dubi Jeffrey, ɗan shekara 23, da aka saya dala 1,310. Wakilin jaridar New York Tribune da ya shiga wurin a ɓoye ya ba da labarin yadda ya roƙi sabon ubangidansa ya sayi Dorcas, wadda yake so ya aura. Mutumin ya amince, amma sai aka haɗa ta da wasu huɗu a ƙulli ɗaya, ya fasa. Dokar gwanjon ta ce kada a raba iyali, sai dai iyali a wurinsu miji da mata da ƙananan yara ne kawai. Ɗan'uwa, kaka, wanda aka yi wa baiko, duk ba sa ciki. An buga takardar tallan kafin gwanjo, don haka ba ta faɗi inda aka kai kowa ba.

Ga mai neman kakanninsa a yau, hanyar a baibai take. Yana farawa da ƙidayar jama'a ta 1870, wadda ita ce ta farko bayan haramta bauta, kuma ta rubuta sunayen 'yantattun bayi cikakku. Daga nan baya sai ya ci karo da bango. Jerin bayi na ƙidayar 1850 da 1860 sunan ubangida kawai yake ɗauke da shi, ƙarƙashinsa kuma shekaru da jinsi da launin fata. Mace 'yar shekara 30 na iya zama kowa. Nan ne da yawa ke yin kuskure na farko, su ɗauka sunan dangi da kakansu ya ɗauka na ubangidansa na ƙarshe ne. Sau da yawa na wani tsohon ubangida ne, ko kuma suna ne da mutum ya zaɓar wa kansa.

Abin da ke fasa bangon shi ne takardun dukiya, tunda doka a matsayin dukiya ta ɗauki bawa: wasiyya, lissafin kayan mamaci, takardar rabon gado, jingina, rasiɗin ciniki, da littafin gandu inda ake rubuta haihuwa da mutuwa da rabon tufafi. Sai a gwada su da bayanan hukumar kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, da rajistar bankin ajiyarsu da ya durƙushe a 1874, inda mai buɗe asusu kan ambaci iyayensa da 'yan'uwansa. Suna ɗaya ba ya isa hujja, domin Betty da Sam sun cika kowane gandu. Sai an ga gungun sunaye, uwa da 'ya'yanta, sun maimaitu a takardu biyu ko uku, shekarunsu kuma sun yi daidai. Ƙidayar 1890 da za ta cike giɓi kuwa, gobara ta cinye mafi yawanta a 1921.

Akwai kuma batun jini. A shari'ar Musulunci da aka bi a ƙasar Hausa, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado. A kudancin ƙasar Amurka, tun dokar yankin Bajiniya ta 1662, yaro matsayin uwarsa yake bi, don haka uba na iya sayar da ɗan cikinsa, kuma babu takardar da ta tilasta masa ambatonsa. Kemble ta rubuta cewa Roswell King ƙarami, mai kula da gandun Butler, ya haifi 'ya'ya da bayi mata a can. Gwajin ƙwayar halitta na taimakawa, amma yana da iyaka: irin wanda ke bin jinin maza yana nuna tsatson gida, ba ya ware uba daga ɗan'uwansa. Haka ta faru a gwajin 1998 kan zuriyar Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da baiwarsa Sally Hemings, sai da aka haɗa da bayanan da ke nuna yana gida a lokutan da ta ɗauki ciki.

Wasu jikokin masu bayi kan ce ba su suka yi laifin ba. Gaskiya ne, kuma ba laifi ake neman ɗora musu ba. Takardun ne ke hannunsu, ko a akwatin gida, ko a ɗakin adana tarihi da aka jera su ƙarƙashin sunan ubangida. Na gidan Butler suna Filadelfiya, nesa da Jojiya, kuma wanda bai san sunan ubangidan kakansa ba ba zai san inda zai nufa ba. Aikin da ya rage shi ne a ɗauki hoton kowane shafi, a fitar da sunan kowane bawa da shekarunsa da sunan uwarsa da gandun da ya zauna, a sa a intanet yadda za a iya nema da sunan bawan kansa.