Burodin jiya ya fi na yau

Ranar Asabar na ga wata ta saka bidiyo tana yanka sabon burodi, da ɗuminsa har yana lotsewa a ƙarƙashin wuƙa, wai za ta yi French toast na gashi, wato burodin da ake jiƙawa da ƙwai da madara a gasa a oben. Wallahi ji na yi kamar in shiga wayar in riƙe mata hannu. Baiwar Allah, wannan ki sha shayi da shi, ki nemo wanda ya kwana.

Su kansu Faransawan da ake jingina wa abincin pain perdu suke ce masa, wato ɓataccen burodi, wanda ya bushe har an fidda rai da shi. Asalinsa dabarar hana asara ce. Busasshe yakan zuƙe ƙwai da madara ya kuma riƙe jikinsa, sabo kuwa da ya ji lema sai ya narke. Ni ma na sha wannan kunyar ranar da dangin maigida suka kwana a gidanmu. Na buɗe oben, sama ya yi ja gwanin sha'awa, ƙasa kuwa fate. Da ludayi na kwashe, ƙanwarsa na tambayata, "Anti, wannan wane irin kunu ne?"

Yanzu ga yadda nake yi. Babban burodi ɗaya mai kwana biyu, in yanka manya-manya, in jera a tiren da na shafa wa bota. Ƙwai 6, madara kofi 2, kirfa, ɗan gishiri. Sukari cokali 2 kawai, don burodinmu na nan da zaƙinsa yake zuwa. In kika bi ma'aunin Amurkawa sai ya gundure ki tun loma ta uku. In kaɗa, in juye, in danna da tafin hannu har kowane yanki ya jiƙa. Sai in sa a firji ya kwana. Amma fa in kin san wutarku ba ta da alƙawari, kar ki soma: ɗanyen ƙwai da madara ba sa kwana a waje cikin zafin nan. Ki tashi da wuri ki jiƙa shi minti 30, ya isa. Gashi a digiri 180, minti 40 zuwa 45, ki soka wuƙa a tsakiya, in ta fito ba ruwan ƙwai kin gama.

Masu cewa na kasko ya fi daɗi, na ji ku. Sai dai mai suya yanka bibbiyu take yi, yara na warcewa, ita ce ta ƙarshen ci, nata ya huce. Na gashi kuwa tire ɗaya ne, ki ɗiga zuma, ki yanka ayaba, ki zauna a ci da ke.

In sabon ne kawai a gidan, ki yanka ki baza a faranti, ki rufa da kwando saboda ƙuda. Da hunturu kafin la'asar ya bushe.