Maɓallin sasten ba ya tsawaita sauti

Masu haɗa kiɗa da yawa a situdiyoyin Titin Gidan Zoo, waɗanda suka saba da piyano, inda taka fedar sasten ke tsawaita sauti, kafin su taɓa sintesaiza (na'urar ƙirƙirar sauti da lantarki) mai wayoyin jonawa, kan murɗa sasten don sauti ya daɗe. Ba aikinsa ba ne. A ADSR, ɓangaren sintesaiza da ke tsara hawa da saukar sauti, atak (hawa) da dikei (saukowa) da rilis (ɗaukewa bayan ka saki) ne ke auna lokaci. Sasten matakin ƙarfin wuta ne da za a tsaya a kansa.

Siginar get, wato wutar da ke nuna yatsanka na danne, ita ce ke riƙe sauti. Da ka danna piyano, wuta ta tashi daga sifili zuwa kamar bolt 5, a wasu na'urorin har 10. Sai ADSR ta hau, ta sauko kan sasten, ta zauna muddin yatsanka na danne. Ka ɗaga, get ya rufe, rilis ya fara.

An fi ruɗewa idan aka jona tiriga a ramin get. Tiriga sigina ce ta ƙyaftawar ido, 'yan milisakan kawai. In atak na kan sakan ɗaya, wutar ba ta kai ko'ina ba za a yanke ta, sai ka ji shiru ka zaci na'urar ta mutu, alhali lafiyarta ƙalau. Gajarta atak, ko ka tsawaita get daga sikwensa, na'urar da ke jera sautuka da kanta.

Ita kanta ADSR ba ta fitar da sauti, wani ɓangare mai suna osileta ne ke kuka. Wayar ADSR ramin CV (ramin wutar sarrafawa) na VCA take shiga, wato ɓangaren da ke ƙara ko rage ƙarfin sauti. In sauti ya ƙi ɗaukewa, duba VCA, wataƙila a buɗe aka bar ta.