Son mutane ba shi ke hana mata zama injiniyoyi ba

Ka tambayi mata da yawa ko su wane ne, sai ka ji sun fara da "ni 'yar wance ce, uwar wane, aminiyar wance". Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. A 1997 Susan Cross da Laura Madson suka rubuta cewa mata sun fi maza auna kansu da mutanen da ke tare da su. Nan da nan wasu suka yanke hukunci: ai shi ya sa suke tururuwa zuwa aikin jinya da koyarwa, suna gudun injuna.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Nazarin da Rong Su da wasu masana biyu suka fitar a 2009, wanda ya tattara amsoshin mutum sama da 500,000, ya nuna galibi mata sun fi karkata ga aikin da ya shafi mutane, maza kuma ga na kayan aiki.

Inda nake ja shi ne, wa ya ce injiniya ba ya yi wa mutane hidima? Wanda ya tsara yadda ruwa mai tsabta zai isa gidaje ya ceci jariran da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Sai dai ba haka ake tallata aikin ga yarinya ba. Amanda Diekman da abokan aikinta sun gwada wannan a 2011: da aka kwatanta wa ɗalibai aikin masanin kimiyya a matsayin na haɗa kai da taimakon wasu, sha'awar mata ta ƙaru. Aikin ɗaya ne, bayanin kawai aka sauya.

Dubi ilimin kwamfuta a Amurka. A 1984 kusan kashi 37 cikin 100 na masu kammala digiri a wannan fanni mata ne, daga baya suka koma ƙasa da kashi 20. Halittar mace ba ta canja cikin 'yan shekarun nan ba. Hoton sana'ar ne ya koma na saurayi shi kaɗai a ɗaki, ba ya magana da kowa. Wa zai ga laifin wadda ta ce a kai kasuwa?

Kuma ko a inda matan suka yi yawa, ba su tsira ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce su ne kusan kashi 70 na ma'aikatan lafiya da kula da jama'a, amma kashi 25 kacal na manyan muƙamai ke hannunsu.