Tromso zuwa Kirkenes awa guda, Kano zuwa Maiduguri wuni guda

Wata dattijuwa ce ta ɓata min rai a filin jirgin Tromso, ba tare da ta sani ba. Daga asibiti take, da sandarta da ƙullin saƙa a cinya, za ta koma gida Kirkenes. Muna hira na ce mata ni ɗan Kano ne amma dangin mahaifiyata suna Maiduguri, sai ta ce, "To minti nawa ne a jirgi?" Na yi murmushin yaƙe.

Ku fahimci inda nake magana. Can ƙuryar arewacin Norway ne, inda rana ke ɓacewa kusan wata biyu lokacin hunturu. Kirkenes tana bakin iyakar Rasha, mutanenta ba su kai dubu biyar ba. Tsakaninta da Tromso kilomita 420 ne da 'yan kai a sama, awa ɗaya da 'yan mintoci. A mota kuwa sai ka kewaye duwatsu da rassan teku, ko ka ratsa ta Finland, ka wuce awa goma. Ƙananan jiragen kamfanin Widerøe masu farfela ne ke wannan jigila. Wani ma tsaye-tsaye yake kamar motar haya: Hammerfest, Mehamn, Vardo, Vadso, a sauke mutum uku a ɗauki biyu, ma'aikaci ya kankare ƙanƙarar fukafukai, a sake tashi cikin duhu da ƙarfe biyun rana. Ba riba ke riƙe da hanyoyin nan ba, gwamnati ke biyan tallafi, har ta rage kuɗin tikitinsu a 2024.

Na san za a ce su 'yan kaɗan ne, ga kuɗin mai. Haka ne. Amma mun riga su haƙo man, mu 1956, su 1969. Jirgin sama kuwa tun 1925 ya sauka a Kano. Ba baƙonmu ba ne.

Kano zuwa Maiduguri kilomita 500 ne kacal a sama. Amma galibi sai ka gangara Abuja tukuna ka sake hawa wani, kuɗi biyu, jira biyu. Basakkwace ma haka. Yawancinmu dai mota muke bi, mu wuni a hanya, ana kira daga gida ana tambaya ko mun wuce Damaturu. Ba na raina hanyar, tsiren Potiskum ya fi min busasshen burodin nan nasu sau dubu.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya zumunci ne. Rasuwa aka yi a Maiduguri da asuba, kafin azahar an kai mamaci makwancinsa. 'Yar uwarsa ta Kano ba za ta ga fuskarsa ba, sai zaman makoki. Filayen jirgi kuwa jihohi sai ginawa suke, wasu sai lokacin aikin Hajji ake share su.