Kwikwiyo Ba Ya Jira Sai Ka Shirya

Jama'a, duk wanda ya taɓa rainon kwikwiyo, in ka same shi bayan shekara guda ka tambaye shi abin da ya so a ce ya sani tun farko, da wuya ya yi maka zancen irin abinci ko launin igiyar wuya. Abin da ya fi damunsa shi ne watannin farko da ya yi sake da su. Ni ma a nan na tsaya. Karen da za ka zauna da shi shekara 10 zuwa 13, babban kaso na halinsa kafin ya cika wata huɗu ake gina shi, kuma daidai lokacin ne mai shi yake shagala da ɗaukar hoto da dariyar yadda yake tuntuɓe da ƙafafunsa.

Matsalar takan faro tun ranar ɗauko shi. Mutum ya ga kwikwiyo ɗan sati biyar ya fara lasar abinci, sai ya ce ai ya isa yaye, a ba ni shi tun yana ƙarami don ya saba da ni. Likitocin dabbobi kuwa sun daɗe suna cewa kada a raba shi da uwarsa kafin sati 8, kuma ba don nono kaɗai ba. A makonnin nan ne yake kokawa da 'yan'uwansa, ya gantsara wa ɗaya cizo, wancan ya yi ƙara ya fasa wasan, shi kuma ya gane cewa haƙori yana da iyaka. Uwar ma tana kwaɓarsa in ya wuce gona da iri. Wanda aka cire da wuri bai samu wannan karatun ba, a hannunka da ƙafafun yaranka zai ƙarasa shi. Mai kiwon da ke gaggawar rabuwa da su, ko yake hana ka ganin uwar, ni dai ban yarda da shi ba. Ka nace ka gan ta, don karya mai yawan firgita sau da yawa 'ya'yanta kan ɗauko halinta.

Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna nazarin ɗaruruwan 'yan kwikwiyo a wata cibiyar bincike da ke Bar Harbor a jihar Maine, suka fitar da sakamakon a 1965. Sun gano cewa akwai wani ɗan tsakani, daga wajen sati 3 zuwa sati 12, wanda a cikinsa duk abin da kwikwiyo ya gani lami lafiya sai ya ɗauke shi abin yau da kullum. Da ya wuce nan, tsoro ne ke fara shiga gaba. A gwajin da aka yi a cibiyar, waɗanda ba su yi hulɗa da ɗan Adam ba har sati 14 sun tashi suna gudun mutane, sabar da su ya zama jan aiki. To, yi lissafi. Ka ɗauko shi yana sati 8, abin da ya rage maka sati huɗu ne kacal.

A cikin wannan ɗan lokacin ake so ya ga yara suna guje-guje, ya ga tsoho mai sanda, da mai gemu, da mai hula, ya ji ƙarar babur da tsawa da buɗe ƙofa da ƙarfi, ya shiga mota, ya ga kyanwa bai bi ta ba. A riƙa kama tafin ƙafarsa, a leƙa kunnensa, a buɗe bakinsa, don ranar da likita zai yi masa haka kada a yi dambe. Ba a tura shi kan abin da yake tsoro. A bar shi ya hango daga nesa, a miƙa masa ɗan abin daɗi, ya matso da ƙafarsa. Masu son kare mai gadi su ne suka fi yin akasin haka: a kulle shi a bayan gida kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi. Abin da ake samu matsoracin kare ne, wanda bai san bambancin ɓarawo da yaron maƙwabta ba, kuma matsoracin kare ya fi saurin cizo.

Sai dai akwai gaba mai wuya a nan, wadda ba kasafai ake faɗa wa sabon mai kare ba. Lokacin da ake so ya ga duniya, shi ne kuma lokacin da bai gama karɓar rigakafi ba. Ana fara allura yana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 2 zuwa 4, har ya kai sati 16. Mutane da yawa sukan yi guda ɗaya su ce an gama. Ba a gama ba. Garkuwar da ya tsotsa a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar, kuma ba wanda ya san ranar da za ta gushe a jikin kowane kwikwiyo, shi ya sa ake maimaitawa har a dace.

Wanda bai taɓa ganin cutar parvo ba ne yake wasa da wannan. Cutar ta bayyana a karnuka a 1978, cikin ƙanƙanin lokaci ta zagaye duniya. Kwikwiyon da jiya yake jan igiyar takalminka, yau ya kwanta a lungu ya ƙi ko kallon kwanonsa. Sai amai, sai zawo mai jini da wani irin wari da hanci ba ya mantawa. Ka ɗaga fatar bayan wuyansa ka saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya ƙare. Jinyar yawanci ƙarin ruwa ce da maganin amai da tsare shi daga wasu ƙwayoyin cuta, har jikinsa ya yi yaƙin da kansa, kuma wanda ba a kai asibiti ba da wuya ya sha. Ƙwayar cutar tana yin watanni a cikin ƙasa, tana bin tafin takalmi ta shigo gida, sabulun wanka ba ya kashe ta, sai ruwan bilic. Wanda kwikwiyonsa ya mutu da ita, ya yi maza ya kawo sabo wanda bai gama allura ba cikin gida ɗaya, tsugune ba ta ƙare ba.

To ya za a yi ke nan? A kulle shi har sati 16, ko a sake shi? Ni a ganina duka biyun ganganci ne. Ka ɗauke shi a hannu ka fita da shi, ya ga titi bai taka ƙasar da karnukan da ba ka sani ba suke kashi ba. Ka gayyato mutane gida. Ka kai shi gidan wanda ka tabbata karensa lafiyayye ne, allurarsa ta cika, kuma mai haƙuri ne da ƙanana. Wahala ce, na sani, amma ta wata ɗaya ce.

Allurar ciwon haukan kare kuwa, wadda akan yi daga sati 12, ba don karen kaɗai ake yin ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukansu ta hanyar kare suka kamu, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da alamu sun bayyana, kusan ba a tashi. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Tsutsar ciki ma a sa ta a lissafi, don yawancinsu da ita ake haihuwarsu, tun daga mahaifa ko nono suke ɗauka. Wannan tumbin da ake yaba wa ana cewa ya ƙoshi, wani lokacin tsutsa ce fal. Kaska da ƙuma kuma a tambayi likita maganin da ya dace da shekarunsa da nauyinsa. Don Allah a daina ba kare maganin ciwon kai na mutane, irin su parasitamol da ibuprofen suna iya lalata masa hanta da ƙoda. Cakulan, albasa, tafarnuwa, inabi da zabibi duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Madarar shanu da ake ganin gata ce, zawo take sa da yawansu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato dukan kare.

Ka dawo gida, ka tarar da fitsari a tsakar ɗaki, takalmi ɗaya an cinye masa baki. Kwikwiyo ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, ya ga fuskarka, sai ya tsaya cak, ya kwantar da kunne, ya kau da kai, ya lafe a ƙasa. Sai ka ce: "Ka gani ko? Ya san abin da ya yi." Bai sani ba, malam. Wata masaniya, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009: karnukan da ba su yi laifin komai ba, da masu su suka yi musu faɗa, sun yi irin wannan fuskar, har ma fiye da masu laifin. Fuskarka da muryarka yake karantawa, fitsarin da ya yi awa biyu da suka wuce ba ya cikin lissafinsa. In ka tura hancinsa ciki ka mare shi, abin da ya koya shi ne dawowarka gida abin tsoro ce, kuma yin fitsari a gabanka haɗari ne. Gobe sai ya koma bayan kujera ya yi, ka fita da shi waje kuma ya ƙi yi kana kallo.

Mafitsararsa ce ƙarama. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, ɗan wata biyu ke nan ba zai riƙe fiye da awa biyu ba. Ka fita da shi da zarar ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, wuri ɗaya kullum, ya yi ka yaba masa nan take. Da dare ma za ka tashi. Wanda ba zai iya tashin dare ba, ya nemi babban kare.

Akwai masu cewa dole ka nuna masa kai ne shugaban garke, ka danne shi a ƙasa, ka ci abinci kafin ya ci. Wannan zancen ya samo asali ne daga nazarin da wani masani, Rudolf Schenkel, ya wallafa a 1947 a kan kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel a ƙasar Switzerland, baƙin juna a cikin shinge. Wani masanin kyarketai, David Mech, wanda ya ƙara yaɗa zancen a 1970, shi da kansa ya dawo a 1999 ya bayyana cewa a daji garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Amma har yau ana danne 'yan kwikwiyo da sunan wannan ilimin. Kwikwiyonka ba mulkin gidan yake nema ba. Duk abin da ya yi ya samu riba, shi zai maimaita. Ya yi tsalle a jikinka ka rungume shi, ya koyi tsalle, kuma ranar da ya kai kilo 30 ya kayar da kakar yara, kai ka koya masa. Gidan ma dole baki ya zo ɗaya, in kai ka hana kujera uwargida ta ɗora shi, wahalar banza kake yi.

Gurnani ma kada a doke shi a kai. Kare mai gurnani gargaɗi yake yi, yana cewa abin ya ishe shi. In ka hana shi gargaɗin da bulala, damuwar tana nan, sai dai nan gaba zai ciji ba sanarwa. Ka duba abin da ya jawo: yaro ne ke jan kunnensa, ko ana damunsa yana ci, ko wani wuri ke masa ciwo. Ƙaramin yaro da kare kuwa ba a barin su su kaɗai, komai kirkin karen.

Cizon wasa da tauna kaya, wannan kowa sai ya sha. Haƙoransa na farko 28 ne, masu tsini kamar allura, daga wajen wata huɗu yake fara famfara, zuwa wata bakwai manya 42 sun fito. Dasashinsa ƙaiƙayi yake, dole ya tauna wani abu. Ka ba shi nasa, ka ɗauke naka, wayar caja musamman. Ya kama hannunka, ka tsayar da wasan ka tashi, irin yadda ɗan'uwansa zai yi. Wani abin da ba a cika sani ba kuma, kwikwiyo yana bukatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana. Wannan haukan da yake yi da yamma, yana zagaye ɗaki yana cizon duk wanda ya gifta, yawanci gajiya ce ta yi masa yawa. A kai shi makwancinsa, minti kaɗan ya yi shiru. Makwancin nan kuma shi ne inda zai koyi zama shi kaɗai, minti biyar yau, goma gobe, kana cikin gidan. Wanda ya yi hutu yana manne da kwikwiyo dare da rana, ranar komawa aiki maƙwabta za su sha haushi da kuka.

Sannan kada wanda ya yi duk wannan ya ɗauka ya huta. Daga wajen wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi kare yana shiga balaga, sai ka kira sunansa ya dube ka ya ci gaba da shinshinar abin da yake shinshina, kamar bai taɓa jin "zo" ba. A nan ne da yawa suke karaya, su ɗaure shi da sarƙa ko su bayar da shi, musamman waɗanda suka zaɓi irin su German Shepherd ko Husky don kyan hoto, ba su san karnukan aiki ne masu neman gudu da abin yi kullum ba. Tarbiyyar ba ta zube ba. Ka mayar masa da doguwar igiya in za ku fita, ka koma darussan farko na minti biyar-biyar sau biyu ko uku a rana, ka ƙara masa tafiya, kuma kada ka taɓa kiransa don ka hukunta shi.